Suna Linzami: Nazari a Kan Ƙungiyoyin Kiɗan Rok Masu Suna Ɗaya da Faifansu da Waƙarsu

Gabatarwa

Wata rana da la'asar, bayan mun fito daga laccar adabin baka, gardama ta sarƙe tsakanina da wani abokin karatuna. Abin da ya jawo ta kuwa shi ne, ya tarar da ni ina sauraren wani kiɗa, ya tambaye ni su wane ne makaɗan, na ce masa Black Sabbath. Ya ce mene ne sunan faifan, na ce Black Sabbath. Ya ce to waƙar fa, na sake ce masa Black Sabbath. Sai ya ja tsaki, ya ce ɗayan biyu ne: ko dai ba'a nake yi masa, ko kuwa mutanen nan talaucin tunani ya yi musu katutu, har sun kasa samo sunaye uku.

Wannan magana ta tsaya mini a rai, domin tuhuma ce mai nauyi a ce wa mai fasaha ya rasa abin faɗa. Manufar wannan ɗan rubutu ita ce a duba ko tuhumar tana da tushe. Zan ɗauki ƙungiyoyi huɗu na ƙasar Ingila waɗanda sunansu da na faifansu na farko da na wata waƙa a cikin faifan duk ɗaya ne, watau Black Sabbath da Bad Company da Motörhead da Iron Maiden. Zan auna su da kayan aikin da malamanmu suka ba mu na feɗe waƙa, wato jigo da salo da tsari, don wuƙar da ba ta iya yanka sai naman gida ba a san kaifinta ba tukuna.

Matsayin suna a kiɗan rok

Ga wanda bai saba ba, rok kiɗa ne da ya tsiro a Amurka a shekarun 1950, daga kaɗe-kaɗen baƙaƙen fatar ƙasar, sa'an nan ya ƙetara Ingila ya yi reshe. Ƙungiyar rok takan ƙunshi mutum uku zuwa biyar: mawaƙi, da mai jitar lantarki, da mai jita mai kaurin murya, da mai ganguna. Abin lura a nan shi ne yadda ake kiransu. A wajenmu sunan uban kiɗi ake sani, a ce Shata da yaransa, ko Ɗanƙwairo da jama'arsa. Su kuwa galibi sai su zauna su ƙago wani suna wanda ba na kowa ba ne a cikinsu. Saboda haka sunan shi kansa ƙagaggen abu ne, kuma shi ne aikin fasaha na farko da ƙungiya take fitarwa kafin a ji ko da sauti ɗaya daga gare ta.

Abu ne da aka saba gani ƙungiya ta sa wa faifanta na farko sunanta. Haka nan an saba a ɗauki sunan waƙa ɗaya a sa wa faifai. Amma a haɗa ukun wuri ɗaya, wannan ba kasafai ake yi ba, kuma wanda ya yi shi ya ɗauki alkawari. Kamar yana cewa ne, wanda yake son ya san mu, ga mu nan a cikin wannan waƙa.

Mu Hausawa wannan ba baƙon abu ba ne gare mu. Muna da kirari, inda mutum yake faɗin ko shi wane ne da bakinsa. Muna da take, wanda da an kaɗa shi an san wanda ake nufi ko ba a ambaci suna ba. Muna kuma da Bakandamiya, irin ta Narambaɗa da ta Shata, inda mawaƙi yake juyowa ya wasa kansa da fasaharsa. Ba ina nufin wani ya kwaikwayi wani ba. Ina nufin muna da ma'auni a hannu. An ce yabon kai jahilci, amma duk da haka ba a ƙi kirari ba, sharaɗinsa kawai shi ne ya dace da mai shi. Ragon da ya yi kirarin jarumi dariya za a yi masa. To ma'aunin da zan bi ke nan: in an cire sunan daga bisa waƙar, shin ita kanta za ta iya gaya wa mai sauraro ko su wane ne suka yi ta?

Kafin mu shiga cikin huɗun, ya kamata a ambaci wanda ya share fagen. A 1955 wani baƙar fatar Amurka mazaunin Shikago, Ellas McDaniel, wanda aka sani da Bo Diddley, ya fitar da waƙa mai suna Bo Diddley, a 1958 kuma faifansa na farko ya fito da wannan suna. Shi mutum ɗaya ne, ba ƙungiya ba, amma ya nuna yadda abin yake aiki. Kiɗan waƙar yana da wani bugu na daban, kuma har yau makaɗa suna kiran wannan bugu da sunansa. Watau dai waƙar ta zama takensa.

Black Sabbath, 1970

Samari huɗu ne daga unguwar Aston ta birnin Birmingham, garin masana'antu: Ozzy Osbourne mawaƙi, Tony Iommi mai jita, Geezer Butler mai jita mai kauri, da Bill Ward mai ganguna. Sun haɗu a 1968, suna yawon kiɗa da sunan Earth, sai suka gano akwai wata ƙungiya mai wannan suna. A cikin wannan hali ne suka tsara wata waƙa suka sa mata sunan wani fim na ban tsoro na 1963, wanda Mario Bava ɗan Italiya ya shirya, Boris Karloff ya fito a ciki. Ma'anar sunan ta karkata ga taron matsafa na dare. A 1969 suka yar da tsohon sunansu suka ɗauki na waƙar. Mai karatu ya riƙe wannan: waƙar ce ta haifi sunan ƙungiyar.

An ɗauki faifan cikin yini ɗaya a Landan a watan Oktoba na 1969, aka fitar da shi ranar Juma'a 13 ga Fabrairu 1970, ranar da Turawa suke camfawa. Waƙar ita ce ta farko a faifan, tana da tsawon minti shida da 'yan kai.

Ta fuskar tsari, ba da kiɗa take farawa ba. Ruwan sama ake fara ji, da tsawa, da ƙararrawar coci daga nesa. Sa'an nan jita ta faɗo da sauti uku kacal, a hankali, da nauyi kamar ana jan gungume. Tazarar da ke tsakanin sauti na farko da na uku ita ce wadda masana kiɗan Turai suka yi wa laƙabi da shaiɗanin cikin kiɗa, domin kunne ba ya samun natsuwa da ita, kullum yana jiran a sauke shi amma ba a saukewa. Haka za a yi ta maimaita waɗannan sautuka uku, in mawaƙi zai yi magana su yi ƙasa, in ya yi shiru su taso. Sai can wajen ƙarshe kiɗan ya ɓarke da gudu, kamar wanda ya daɗe a ƙame don tsoro ƙafafunsa suka sake shi.

Jigon waƙar tsoro ne. Mai magana a cikinta ya ga wata baƙar siffa tsaye a gabansa tana nuna shi, ya gane Iblis ne, ya kama kururuwa yana roƙon Allah ya cece shi. Butler ya sha ba da labari cewa shi ne ya farka wata rana ya ga irin wannan siffa a ƙarshen gadonsa, bayan an ba shi wani littafin tsafi. Waɗanda suka ji sunan kawai sun yanke hukunci cewa waƙar bautar Shaiɗan ce. Wanda ya bi baitocin kuwa zai ga muryar ta mai gudu ce, ba ta mai maraba ba. Da za a sa ta a rukunin jigoginmu, ta fi kusa da gargaɗi.

A nan jigo da salo da tsari sun zama abu ɗaya. Ko mutum bai ji Turanci ba ya san abin da ake faɗa, domin sautukan nan uku sun riga sun faɗa. Duk abin da ƙungiyar ta zo ta shahara da shi daga baya, nauyi da jan kiɗa da duhun jigo, yana cikin waɗannan mintoci shida. Masu sharhi na lokacin sun kushe faifan, Lester Bangs na mujallar Rolling Stone yana cikinsu, amma ya kai na 8 a jerin fayafayan da aka fi saye a Ingila, kuma a yau da yawa suna ƙirga shi a matsayin mafarin kiɗan nan mai nauyi da ake kira metal. A ganina wannan kirari ya dace da masu shi ɗari bisa ɗari.

Bad Company, 1974

Waɗannan ba sababbin shiga ba ne. Paul Rodgers da Simon Kirke sun fito daga ƙungiyar Free, Mick Ralphs daga Mott the Hoople, Boz Burrell daga King Crimson. Sun haɗu a 1973, faifansu ya fito a 1974 ya hau na 1 a Amurka. Ma'anar sunan ita ce mugayen abokai, irin waɗanda iyaye suke hana 'ya'yansu bi.

Rodgers da Kirke suka tsara waƙar. Da fiyano take farawa, a natse, muryar Rodgers tana tafe cikin kaɗaici, sai an kai amshi jita da ganguna su shigo da ƙarfi. In ana maganar daɗin murya da iya rera waƙa, babu kamarta a cikin huɗun nan. Jigonta shi ne rayuwar ɗan ta-kife na yammacin Amurka, mai yawo da bindiga, wanda hukuma take nema, yana kuma tabbatar da cewa a kan wannan hanya zai mutu.

Ga inda nake da ja. Mutanen nan Ingilishi ne, ba su taɓa zama 'yan kaboyi ba, kuma sauran waƙoƙin faifan galibinsu na soyayya ne da sha'awa. Ba laifi ba ne mawaƙi ya ari bakin wani ya ci masa albasa, wannan tsohon salo ne. Amma in waƙa ta ɗauki sunanka, ta tashi daga labari ta koma shaida. Wanda ya ji wannan waƙa kaɗai zai zaci zai tarar da faifai cike da ƙura da dawakai, sai ya tarar da masu begen 'yan mata. Kayan aro ba ya rufe katara. Waƙar kyakkyawa ce, har wata ƙungiyar Amurka, Five Finger Death Punch, ta sake rera ta a 2009 ta kuma karɓu. Amma wannan ma hujja ce gare ni: kirarin da wani zai iya ɗauka ya yi wa kansa ya zauna daram, bai kama mai shi da kyau ba tun farko.

Motörhead, 1977

Labarin wannan daban ne. Ian Kilmister, wanda aka sani da Lemmy, yana kaɗa jita mai kauri a ƙungiyar Hawkwind. Waƙar ƙarshe da ya tsara musu ita ce Motorhead, ta fito a 1975 a bayan wani ƙaramin faifai nasu. A wannan shekara aka kama shi da ƙwaya a kan iyakar Kanada, ƙungiyar ta kore shi. Da ya tashi kafa tasa ya so ya sa mata wani suna na ashar, manajansa ya nuna masa ba gidan talabijin da zai karɓe su da shi, sai ya koma ga sunan waƙar. Kalmar kuwa karin maganar 'yan tasha ce ta Amurka, ana nufin mashayin ƙwayar hana barci.

Waƙar da ta buɗe faifansu na 1977 ke nan. An ƙara mata gudu da ƙazanta, an ɗora muryar Lemmy mai kama da ana jan kwano a kan tsakuwa. Jigonta halin mutumin da ya kwana da kwanaki idonsa biyu saboda ƙwaya, ba tare da nadama ko wa'azi ba. Ni ban yaba wannan jigo ba, kuma ba na jin aikin mai nazari ne ya yi shiru a kan haka. Amma tambayarmu ita ce ko kirarin ya dace da mai shi, amsa kuwa ita ce ya dace har ya yi yawa. Mutumin ya ɗauki abin da ya jawo masa kora ya mai da shi tuta.

Raunin da ke nan shi ne kirarin na mutum ɗaya ne. Makaɗa sun shiga sun fita cikin shekara arba'in, Lemmy kaɗai ne bai gusa ba. Da ya rasu ranar 28 ga Disamba 2015, nan take sauran suka ce ƙungiyar ta ƙare. Bugu da ƙari, a 1980 sun yi wata waƙa, Ace of Spades, wadda ta faɗi halinsu fiye da ta farkon, kuma ita ce mutane suke tunawa in an ambace su. Watau wata waƙa ta ƙwace wa mai sunan gadonta.

Iron Maiden, 1980

Steve Harris ya kafa wannan ƙungiya a gabashin Landan ranar Kirsimeti ta 1975. Sunan yana nufin budurwar ƙarfe, watau wani akwatin azaba mai siffar mace da ƙusoshi a ciki. A nan sunan ne ya riga waƙar, an yi ta ne don ta yi masa hidima. Ita ce ta ƙarshe a faifansu na 1980, wanda ya kai na 4 a Ingila, Paul Di'Anno ne mawaƙinsu a lokacin.

In aka feɗe ta a kan takarda, ita ce mafi rauni a cikin huɗun. Baitocinta kaɗan ne, ana ta maimaita su, jigon bai wuce barazanar jini da kisa ba, babu labari babu warwara. A cikin faifan ma akwai Phantom of the Opera mai minti bakwai, wadda ta fi ta nuna abin da ƙungiyar za ta zama, wato dogayen waƙoƙi masu sassa da yawa.

Amma ba a kan takarda ake hukunta take ba, a fage ake hukunta shi. Fiye da shekara arba'in, kusan duk wasan da suka yi da wannan waƙa suke rufe babban zangonsa, kuma a lokacin ne dodonsu mai suna Eddie yake bayyana a bayan dandamali. Jitoci biyu da suka buɗe ta suna bin juna, da an ji su taro ya san lokaci ya yi. A 1981 Bruce Dickinson ya maye gurbin Di'Anno, ya gaji waƙar ya ci gaba da rera ta, ba abin da ya ragu. Wannan shi ne halin take: na gida ne, ana gadonsa, kuma ba a neman zurfin ma'ana a cikinsa, ana neman ya tsuma mai shi. A matsayin kirari ta gaza, a matsayin take ta ci.

Amsa ga mai tuhuma

Akwai tuhuma ta biyu da ta fi ta abokina ƙarfi, ita ce cewa duk wannan dabarar talla ce, a cusa wa mai saye suna sau uku don kada ya manta. Ban ce babu ƙamshin gaskiya ba. Amma a duba: da Black Sabbath da Bad Company da Iron Maiden, babu wadda ta tura waƙar mai sunanta gidajen rediyo a matsayin ƙaramin faifai na farko. Na farko sun tura Evil Woman, wadda ma ba tasu ba ce, na biyu Can't Get Enough, na uku Running Free. Da talla ce kaɗai manufar, da ita za a sa gaba. Ashe akwai waƙar kasuwa, akwai kuma waƙar gida.

Nauyin suna ya fi fitowa fili in an sami saɓani. An sallami Osbourne a 1979, Ronnie James Dio ya shigo, suka yi faifan Heaven and Hell a 1980, da waƙa mai wannan suna a ciki. Da Dio ya sake haɗuwa da Iommi da Butler a 2006, sai suka bar tsohon sunan suka kira kansu Heaven & Hell. Ga shi nan kuma an sake haɗa ukun, amma daga baya zuwa gaba, bayan shekara ashirin da shida. A 2009 har kotu Osbourne ya kai Iommi a kan mallakar sunan Black Sabbath, suka sasanta a 2010. Abin da ake zuwa kotu a kansa ba a ce masa abin banza ba.

Su kansu sun san matsayin waƙar. Faifansu na ƙarshe, mai suna 13, wanda ya fito a 2013, da ƙarar ruwan sama da ƙararrawar nan ta 1970 ya rufe. Gaskiya ne a wasansu na bankwana, ranar 5 ga Yuli 2025 a filin Villa Park na Aston, waƙoƙi huɗu suka yi kuma wannan ba ta ciki. Ban ɗauki wannan a matsayin rushewar hujjata ba. Kirari baƙo yake yi in ya shigo fage, wanda ya dawo unguwarsu bayan shekara hamsin da bakwai ba ya bukatar faɗin ko shi wane ne. Bayan kwana goma sha bakwai Osbourne ya rasu.

Kammalawa

A taƙaice, mun ga cewa haɗa suna uku wuri ɗaya ba shaidar talaucin tunani ba ce, ba kuma shaidar gwaninta ba ce. Alkawari ne, wasu sun cika wasu sun gaza. Bad Company sun yi kirari mai daɗi da rigar aro. Motörhead sun yi na gaskiya, amma na mutum ɗaya, ya bi shi kabari. Iron Maiden sun yi take, amfani ne ya ɗaukaka shi ba tsarinsa ba. Black Sabbath kaɗai ne waƙarsu ta haifi sunan, ta kuma shata musu hanyar da suka bi, don haka su na ba tuta.

Darasin da ke ciki gare mu masu koyon rubutu shi ne, kafin mu sa wa waƙa ko littafi ko ƙungiya suna, mu tuna linzami muke sa wa kanmu, kuma masu karatu za su ja shi. Abokina dai har yanzu bai sallama ba, ya ce duk abin nan hayaniya ce kawai. Na ce masa ya rubuto, shi da duk wanda yake da ja, fili a buɗe yake a fitowa ta gaba.